Tambayoyi da amsoshi kan dogayen labaran zane na samurai da yadda ake tara su

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga kantar littattafan zane na Japan sai ya yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Wasu ɗalibai ne da suka fara da kallon zane mai motsi a waya, wasu kuma iyaye ne da suka tsinci irin waɗannan littattafai a jakar 'ya'yansu. Ga amsoshin da na saba bayarwa.

Mene ne manga, kuma me ya sa labari ɗaya yake cin juzu'i talatin?

Manga shi ne sunan da Japanawa suke kiran labarin da aka ba da shi da zane, mafi yawansa baƙi da fari. Tsawonsa ya samo asali ne daga yadda ake fitar da shi. Babi-babi yake fitowa a mujalla, shafi ashirin ko makamancin haka duk mako, wasu kuma duk wata. Mujallar kauri gare ta, takardarta mai arha ce, ana karantawa a jirgin ƙasa a jefar. Idan babuka sun taru sai a haɗa su a littafi mai shafi kusan 200, wanda suke kira tankobon, kuma shi ne abin da ake tarawa. Muddin masu karatu suna so, mujalla ba ta sakin marubuci.

Wanda ya tashi yana karɓar hayar littattafan Hausa, ya karanta na ɗaya ya yi ta sintiri wurin mai haya yana jiran na biyu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Su ma Japanawa sun yi zamanin haya. A shekarun 1950 shagunan hayar littattafai da ake kira kashihon-ya sun cika unguwanni, kuma a nan labaran takobi masu nauyi suka yi ƙarfi. A 1957 Yoshihiro Tatsumi ya raɗa wa irin wannan zane na manya suna gekiga, don ya bambanta shi da na yara.

Me ya sa yawancin labaran suke faruwa a zamanin da babu yaƙi?

Wannan ita ce tambayar da na fi son a yi mini, domin a nan daɗin abin yake.

Samurai barade ne da suke ƙarƙashin ubangida, kuma gadon matsayin ake yi. Bayan yaƙin Sekigahara a 1600, Tokugawa Ieyasu ya zama shogun a 1603, wato mai riƙe da ainihin mulki, sarki kuwa yana Kyoto da darajarsa kawai. Gidan Tokugawa ya riƙe ƙasar har 1868, sama da shekara 260, kuma bayan faɗuwar ganuwar Osaka a 1615 da tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, manyan yaƙe-yaƙe suka ɗauke. Sai ga dubban mutane an haife su don yaƙi, an horar da su don yaƙi, suna yawo da takobi biyu a ƙugu, amma babu fagen fama. Da yawa suka koma ma'aikatan fada masu rubutu da lissafi. Albashinsu shinkafa ce da ake aunawa da koku, kimanin lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara. Albashin ba ya ƙaruwa, rayuwa tana tsada, suka yi ta cin bashin 'yan kasuwar da doka ta ce suna ƙasa da su.

Wanda ya fi shiga uku shi ne ronin, samurai marar ubangida. Idan shogun ya ƙwace ƙasar wani hakimi, duk barorinsa sun zama haka a rana ɗaya. Wasu suka koma koyar da yara karatu, wasu suna liƙa wa laima takarda a ɗakin haya don su sami na tuwo, takobin yana jingine a bango.

Mutum irin wannan labarinsa ba ya ƙarewa a shafi ɗari. Sara ɗaya da takobi zane biyu ne ko uku. Abin da yake cin juzu'i talatin shi ne abin da ya kai mutum ga saran, da abin da saran ya bar masa. Kana ganinsa yana saurayi mai zafin kai, kana ganinsa ya yi suna, kana ganinsa ya fara ɗingishi, har ya fara tambayar kansa amfanin duk wanda ya kashe. Gajeren labari zai faɗa maka cewa mutum ya canza. Dogon kuwa tare kuke canzawa, domin kai ma shekaru suna tafiya da kai kana karatun.

Da wanne zan fara?

Idan ka kai shekarun girma, fara da Kozure Okami, wanda aka fi sani da sunansa na Turanci Lone Wolf and Cub. Kazuo Koike ya rubuta, Goseki Kojima ya zana, ya fito a mujallar Manga Action daga 1970 zuwa 1976, juzu'i 28, sama da shafi 8,000.

Ogami Itto haunin shogun ne. Aikinsa shi ne idan an umarci wani babba ya farke cikinsa, shi zai tsaya a bayansa ya sare masa kai. Gidan Yagyu, wani gidan manya a fadar shogun, suka yi masa ƙulli don su karɓe muƙamin, aka kashe matarsa, aka ɗora masa cin amanar shogun. Ya rage daga shi sai jaririnsa Daigoro. Akwai wurin da ba na mantawa: ya kafa takobi a gefe guda, ya ajiye ƙwallon wasa a ɗaya gefen, ya zaunar da yaron da ko magana bai fara ba. Idan ya nufi ƙwallo zai aika shi wurin uwarsa, idan ya nufi takobi za su tafi tare. Kojima ya ɗauki lokacinsa a wurin nan, ya nuna idon yaron, ya nuna ƙyallin ƙarfen, ya nuna hannun nan ƙarami yana rarrafe. Yaron ya nufi takobi. Daga nan uban ya sa shi a keken katako yana turawa gari-gari, yana kisa a kan ladan ryo 500, kuɗin zinariya na zamanin.

Mutane suna zuwa don faɗan, amma yaron ne yake riƙe su. Akwai babuka da uban ba ya nan sam, sai Daigoro shi kaɗai yana jiransa a wani kango, ruwa yana zuba, bai yi kuka ba. Sannan Koike ya cika labarin da sana'o'in zamanin: masu kai saƙo da gudu, masu ƙetarar da mutane kogi a kafaɗa, 'yan caca, masu gadin shingayen hanya. Kana gama shi ka san ƙasar kamar ka taka ta da ƙafa. Babban abin da ya sa nake cewa a fara da shi, labarin ya ƙare, kuma ƙarshensa ya biya wahalar tafiyar.

Me ya sa ake kambama Vagabond alhali bai ƙare ba?

Saboda hannun Takehiko Inoue. Ya fara shi a mujallar Morning a 1998, bayan ya yi suna da labarin ƙwallon kwando na Slam Dunk. Ya ɗauko shi daga littafin Eiji Yoshikawa kan shahararren gwanin takobi Miyamoto Musashi, wanda jaridar Asahi ta riƙa bugawa daga 1935 zuwa 1939. Labarin ya buɗe da Musashi yana yaro ɗan shekara 17 kwance cikin gawarwaki bayan Sekigahara, ba shi da buri sai ya zama wanda babu na biyunsa a ƙarƙashin sama.

Inoue ya yi abubuwa biyu da suka raba shi da tushen. Ya mai da Sasaki Kojiro, babban abokin hamayyar Musashi, kurma, wanda takobi ne kaɗai harshensa, ya kuma ba shi juzu'ai da dama shi kaɗai tun yana jariri. Sannan a tsakiyar aikin ya koma zane da burushi da tawada. Ɗauki juzu'i na 2 ka ajiye kusa da na 30 ka buɗe su tare. A na farko layukan tsaf suke, siriri, kowane gashi a wurinsa. A na biyu tawadar tana bushewa a tsakiyar layi, fuska tana fitowa daga shafa uku ko huɗu, kuma ta fi ta farko rai.

Wurin da ya fi taɓa ni ba faɗan da Musashi ya yi da mutum saba'in na makarantar takobi ta gidan Yoshioka ba ne, ko da yake shi aka fi ambata. Abin da ya biyo baya ne. Ya fita da rauni a ƙafa, kuma a juzu'an ƙarshe sai ga shi a wani ƙauye da yunwa ta ci, yana fama da ƙasar da ta ƙi shinkafa, ruwa yana share masa gona yana sake tonawa. Duk wanda ya taɓa shuka ya zauna jiran sama zai gane shafukan nan. Wasu masu karatu sun ce labarin ya yi sanyi a nan. Ni a ganina nan ne ya nuna, domin mutumin da ya ƙware a ɗaukar rai ya zo yana koyon yadda ake ciyar da shi, kuma bai iya ba.

Juzu'i na 37 ya fito a 2014, babi na ƙarshe ya fito a mujalla a 2015, daga nan shiru. Wasu babuka ma ba su shiga juzu'i ba, kuma ba a kai ga karon Musashi da Kojiro a tsibirin Ganryu ba. Ka saya da sanin haka.

Akwai wasu kuma?

Akwai da yawa. Mugen no Junin na Hiroaki Samura, wato Blade of the Immortal, ya fito a mujallar Afternoon ta wata-wata daga 1993 zuwa 2012, juzu'i 30. Labarin Manji ne wanda ba ya mutuwa, da yarinya Rin mai neman fansar iyayenta, kuma shafukan da Samura ya yi da fensir zalla abin kallo ne. Rurouni Kenshin na Nobuhiro Watsuki, 1994 zuwa 1999, juzu'i 28, ya fi sauƙi, yana faruwa a 1878 bayan an hana yawo da takobi. Azumi na Yu Koyama juzu'i 48 ne. Gintama na Hideaki Sorachi ya kai 77, amma barkwanci ne ya fi yawa a ciki. Mai son ya ga zamanin ta idon talaka ya nemi Kamui Den na Sanpei Shirato, wanda ya fito a mujallar Garo daga 1964 zuwa 1971. Manoma da ƙasƙantattu ne a gaba, samurai kuwa su ne masu tatsar haraji.

Tarihi ne ko ƙage?

Gauraye ne. Musashi mutum ne na gaske, ya rasu a 1645, ya bar littafi kan dabarun takobi, kuma ana danganta karonsa da Kojiro da shekarar 1612. Gidan Yagyu ma na gaske ne, su ne malaman takobin shogun. Ogami Itto kuwa ƙirƙira ne, haka Manji. Tufafi da gidaje da dokokin hanya sukan zo daidai domin masu zanen suna bincike, amma yawan kisan ya wuce na zahiri nesa. Ko ita kalmar bushido, wato ƙa'idar ɗabi'ar samurai, da ake yawan jingina musu, littafin da Inazo Nitobe ya rubuta da Turanci a wajen 1900 ne ya yaɗa ta a duniya, lokacin an riga an soke matsayin samurai, dokar hana ɗaukar takobi ma ta fito tun 1876.

Gaskiya ne daga dama ake karantawa?

Gaskiya ne. Yadda kake buɗe littafin Larabci ko na ajami haka za ka buɗe shi, ka fara daga akwatin zane na sama ta dama ka gangaro hagu. Mu wannan bai taɓa zame mana wahala ba.

Turawa kuwa ya dame su, shi ya sa tsofaffin fassarori suka riƙa juya shafin kamar a madubi. A labarin samurai wannan ɓarna ce babba. Takobin da ake ratayawa a hagu ya koma dama, kowa ya zama bahago, sannan rigar kimono da ake ɗora ɓangaren hagu a kan na dama ta juye, alhali gawa kaɗai ake yi wa irin wannan ɗauri. Samura bai yarda a juya masa zane ba, sai kamfanin Dark Horse, mai buga shi da Turanci, ya riƙa yanka akwatunan yana sake jera su. Akwai kuma alamar manji a bayan rigar jaruminsa, tsohuwar alama ta addinin Buddha, wadda idan an juya ta sai ta yi kama da ta 'yan Nazi. Kafin ka sayi tsohon bugu, tambayi ta ina yake buɗewa.

Tunda ana iya karantawa a waya, me ya kawo tara takarda?

An zana waɗannan labarai ne don shafi biyu a buɗe. Mai zane yakan shimfiɗa fili guda daga wannan gefe zuwa wancan, mutum biyu suna fuskantar juna, ciyawa tana kaɗawa a tsakaninsu. Waya tana raba wannan gida biyu. Kuma yakan ɓoye saran a bayan shafi, sai ka juya da hannunka ka tarar an gama. Jan yatsa a gilashi ba ya ba da wannan faɗuwar gaban.

Sannan jerin juzu'an a kanta shekarun mutum ne. Shekara goma sha tara na rayuwar Samura suna tsaye a wuri guda, kana iya zaro farkonsu da ƙarshensu ka gwada. Kojima ya rasu a 2000, Koike a 2019, amma aikin shekara shida da suka yi tare yana nan a hannunka. Ban raina karatun waya ba, ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ƙofar shiga. Abin da nake roƙo shi ne wanda ya sami hali ya sayi na halak, ko da juzu'i ɗaya ne, domin da cinikin nan masu zane da masu fassara suke ci.

Wane bugu ya kamata in nema?

Ya danganta da harshenka da idonka. A Japan akwai tankobon na asali, akwai bunkoban ƙarami mai shiga aljihu, akwai kanzenban babba mai kyakkyawar takarda wanda yakan dawo da shafuka masu launi. Na Japan yana zuwa da riga a kan bango, wani lokaci idan ka cire ta sai ka ga wani zane daban a ƙasa, da kuma siririyar takarda da aka ɗaura masa a ƙugu mai suna obi. A shafin ƙarshe ake rubuta ranar bugu da ko bugu na nawa ne.

Da Turanci, Dark Horse ya fitar da Lone Wolf and Cub a ƙananan juzu'i 28 daga 2000 zuwa 2002, daga baya ya haɗa su a manya 12. Ƙananan suna da kyau a jere amma rubutun yana wahalar da ido. Kamfanin Viz ya haɗa Vagabond uku-uku a bugun VIZBIG, kuma shi nake ba da shawara, domin zanen Inoue yana son fili. 'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci sun fi mu zaɓi, don Faransa tana cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan: Glénat ya buga Kenshin, Casterman ya buga na Samura, Tonkam ya buga Vagabond. Ko wanne ka zaɓa, tsaya a kansa. Lambobin juzu'i ba sa dacewa tsakanin bugu da bugu, kana iya sayen babi ɗaya sau biyu ka rasa wani.

A ina ake samu, kuma yaya zan gane jabu?

A Japan tsofaffin littattafai araha ne. Shagunan Book Off suna da kantocin yen ɗari da 'yan kai, Mandarake na Nakano a Tokyo kuma wurin masu neman abin da ya yi wuya ne. A wajenmu kuɗin aiko da kaya yakan fi kuɗin littafin, shi ya sa ya fi kyau a haɗa oda da abokai, ko a ba matafiyi sautu. A riƙa leƙa masu gwanjon littattafai ma, wani lokaci ana dacewa.

Jabu ya yi yawa a intanet, musamman cikakken jeri a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Na taɓa faɗawa hannun wani mai sayarwa. Da na buɗe, baƙin ya koma toka-toka, inuwar da ake yi da ɗige-ɗige ta cakuɗe, gam yana wari, shafi biyu suka zare a hannuna tun ranar farko. Nemi a ɗauko maka hoton cikin littafin da na ƙashin bayansa kafin ka biya.

Ya dace yara su karanta?

Yawancin waɗanda na ambata na manya ne. Akwai jini sosai, akwai tsiraici da fyaɗe a wasu babuka na Kozure Okami da Mugen no Junin, akwai mutum ya kashe kansa, abin da al'adarsu ta ɗauka mutunci ne alhali a wurinmu haramun ne. Japanawa da kansu sun raba: shonen na samari ne, seinen na manya. Bugun Turanci yakan rubuta shekarun da suka dace a bayan bango. Uba ko uwa su buɗe su duba da idonsu, kada a ce ai zane ne. Nawa na manya suna kantar sama, a kulle.

Yaya zan adana su a irin yanayinmu?

Maƙiya huɗu ne: gara, danshi, rana da ƙura. Wata damina na bar kwali guda a ƙasa jikin bango na yi tafiyar wata biyu. Da na dawo, daga waje lafiya lau. Ina ɗagawa gindin ya zube, ƙasa ja ta biyo baya, gara ta yi hanyoyi ta cikin juzu'i shida, ta cinye tsakiya ta bar bango. Wani shafi rabin fuskar Daigoro ce kaɗai ta rage. Na fi shekara kafin na cike gurbinsu.

Tun daga nan kantata ta ƙarfe ce, ta ɗaga daga ƙasa, kuma ba ta taɓa bango. Littattafai a tsaye suke, ba a matse ba, manya masu nauyi kuma a kwance. Kada hasken taga ya riƙa dukansu, yana koɗar da bango ya mai da takarda ja. Da hunturu a rufe da ƙyalle ko ƙofar gilashi, a riƙa kaɗe ƙurar saman da burushi mai laushi. Da damina a buɗe su sha iska. Idan za ka sa a leda, tabbatar littafin a bushe yake, ka bar bakin ledar a buɗe, in ba haka ba hunhuna za ta kama shi. Kada a liƙa salatif a wurin da ya yage, tabonsa ba ya fita.

Za su yi tsada nan gaba in sayar?

Kaɗan ne suke yi, galibi juzu'in da aka daina bugawa. Da zarar kamfani ya sake bugu farashin ya faɗi. Sayi wanda za ka karanta sau biyu.

In ba da aro?

Ina bayarwa, domin da aro ni ma na fara. Amma juzu'i ɗaya nake bayarwa a lokaci guda, sai an dawo da shi a karɓi na gaba, kuma ina da ɗan littafi da nake rubuta suna da lambar juzu'i da rana, yadda masu haya suke yi. Nakan kuma nuna wa mai aro yadda zai riƙe shi kada ya karya masa baya, in haɗa masa da 'yar takardar sa alama don kada ya naɗe kusurwar shafi.